Sabar ofis marar intanet tana ɗaukar minti 8 kafin ta tashi: a ƙara mata RAM ne?

Tambaya: Muna da ƙaramar sabar a ofis. A kanta ma'aikata ke ajiye fayiloli, kuma ita ke ɗauke da manhajar lissafin kuɗinmu. Saboda tsaro aka raba ta da intanet da gangan. Tun daga lokacin, idan aka kunna ta sai ta yi kusan minti 8 kafin kowa ya iya buɗe folda. Da ta gama tashi kuwa, gudu take yi lafiya lau. Shugabanmu ya ce a ƙara mata RAM ko a canja faifai. Hakan zai magance matsalar?

Malam, ka roƙi shugabanku ya ɗan dakata da sayen kaya tukuna. A cikin tambayarka akwai abubuwa biyu da suka kusa ba da amsar da kansu: jinkirin ya fara ne bayan an cire intanet, kuma da zarar ta tashi ba ta da wata damuwa. Na'urar da RAM ya yi wa kaɗan, ko wadda faifanta ya gaji, ba da safe kaɗai take nawa ba, yini take yi tana jan ƙafa. Taku ba aiki ne ya yi mata yawa ba. Jira take yi. Akwai abubuwan da aka saita ta ta tuntuɓa a waje duk lokacin da ta farka, ba wanda ya gaya mata an toshe hanyar, don haka take tsayawa a kan kowanne har wa'adin jiransa ya cika kafin ta wuce na gaba.

Ba ka faɗi ko Linux ce ko Windows Server ba, saboda haka zan taɓo duka biyun. Amma matakin farko ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar komai sai agogon wayarka. Bayan an tashi daga aiki, jona mata allo da kibod, ka kashe ta yadda ya dace, ka kunna, ka rubuta lokuta uku: daga danna maɓalli zuwa ɓacewar tambarin kamfanin da ya ƙera ta, daga nan zuwa fitowar wurin shigar da kalmar sirri, daga nan kuma zuwa lokacin da wata kwamfuta a ofis ta iya buɗe folda. Minti 8 ɗin nan ba dunƙule guda ba ne, kuma kowane kaso da mai laifinsa daban.

Idan ka samu lokutan, duba siffarsu. Aiki na gaske ba ya ƙarewa a kan cikakkiyar lamba: yau sakan 13, gobe 17. Wa'adin jira kuwa mutum ne ya rubuta shi, shi ya sa kullum yake zagayayye, kuma ba ya canjawa. Idan ka ga abu ya tsaya sakan 30 cif, ko 90, ko 120, kuma gobe ma haka, to ka kama ɓarawonka. A Linux mai amfani da systemd, manhajar da ke tayar da komai bayan an kunna na'ura, sakan 90 ne wa'adin da ake ba sabis, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, ko faifai kafin a haƙura da shi. Sabis ɗin da ke jiran netwok a Ubuntu Server yana jira har sakan 120. Windows tana ba kowane sabis sakan 30 ya amsa. Haɗa huɗu ko biyar irin waɗannan a jere, ga minti 8 ɗinka.

Kason farko ba ruwansa da Linux ko Windows. Sabar ta gaske, irin ta Dell ko HP, tana gwada RAM, ta tayar da katin RAID mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, ta ƙirga kayan da ke jikinta, don haka minti 2 ko 3 a nan ba ciwo ba ne, haka aka gina ta. Abin da za ka duba a BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Linux ko Windows ta fara tashi, shi ne jerin wuraren da take neman tashi daga gare su. Idan PXE, wato tashi ta netwok, yana sama da faifai, za ta tsaya a kan kowace kafar netwok tana neman mai ba ta adireshi, kuma sabar mai kafa huɗu sau huɗu za ta yi wannan jiran. Mayar da faifai sama, ka kashe PXE. Cire faifan USB na ajiyar ko-ta-kwana ka sake gwadawa, domin wasu na'urorin suna daɗewa a kansa. A nan ka ƙare da wannan kason.

Yanzu Linux. Da ta tashi, rubuta `systemd-analyze`. Zai raba maka lokacin: nawa kanel, wato zuciyar Linux, ya ci, nawa sabis-sabis suka ci. Sai `systemd-analyze blame`, wanda ke jera su daga mafi daɗewa zuwa ƙasa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su kashe duk abin da ke saman jerin, kuma ba daidai ba ne. Sabis da yawa tare suke tashi, saboda haka wani zai iya cin minti guda alhali bai tare wa kowa hanya ba. Wanda ke nuna maka ainihin layin da ake bi shi ne `systemd-analyze critical-chain`, kuma za ka iya ba shi sunan sabis ɗin da ya dame ka, misali `systemd-analyze critical-chain smbd.service` idan Samba ce ke raba fayilolin. Alamar @ tana nuna lokacin da abu ya kai ga tashi, alamar + kuma tsawon da shi kansa ya ɗauka. Bi layin daga ƙasa zuwa sama har ka ga inda lamba ta yi tsalle. Don ganin abin da aka rubuta a daidai wannan giɓin, `journalctl -b -o short-monotonic` zai ba ka kundin tashin da sakan-sakan a gefe. Nemi inda layi ɗaya ke kan sakan 14, na ƙasansa kuma ya koma 134.

A sabar da aka raba da intanet, abin da na fi zargi da farko shi ne `systemd-networkd-wait-online.service`, ko takwaransa `NetworkManager-wait-online.service`. A allo za ka ga rubutu kamar "A start job is running for Wait for Network to be Configured" da agogo yana ƙirgawa zuwa minti 2. Yawanci dalilin shi ne sabar tana da kafar netwok fiye da ɗaya: ɗaya tana jone da suwic ɗin ofis, ɗayar kuma, wadda a da take zuwa rauta, an zare mata waya amma an bar ta a saitin neman adireshi ta DHCP. Ko kuma rautar da aka cire ita ce mai raba adireshin tun asali. Gyaran da ya dace shi ne ka ba kafar da ake amfani da ita tsayayyen adireshi, wadda ba a amfani da ita kuma ka cire ta daga saiti, ko ka rubuta mata `optional: true` a fayil ɗin netplan, inda Ubuntu ke ajiye saitin netwok. Za ka ga masu cewa a kashe sabis ɗin jiran gaba ɗaya. Lokacin zai ragu, gaskiya ne, amma manhajar da ke buƙatar adireshin sabar ya kasance a shirye kafin ta tashi za ta iya faɗuwa wata rana ta tashi wata rana, kuma neman irin wannan matsalar ya fi jiran minti 2 ciwon kai.

Na biyu, kuma wanda ya fi kowanne ɓoyewa, shi ne DNS, hanyar da kwamfuta ke mayar da suna zuwa adireshi. Ba ya fitowa a jerin `blame` da sunansa, sai dai ka ga sabis biyar kowanne ya ƙara sakan 10 ko 20 ba gaira ba dalili. Buɗe `/etc/resolv.conf`, ko ka rubuta `resolvectl status`. Idan ka ga 8.8.8.8 na Google, ko adireshin kamfanin da ke ba ku intanet a da, to duk tambayar suna can ake aika ta. A tsarin da ke karanta wannan fayil kai tsaye, ana jiran kowane adireshi sakan 5, a zagaya sau 2. Adireshi biyu da ba sa amsawa, sakan 20 ke nan a kan suna guda. Abin takaicin ma, sunan da aka fi tambaya shi ne sunan ita sabar kanta. Gwada `time getent hosts` tare da sunanta. Amsar ya kamata ta fito kafin ka ɗaga yatsa. Idan ta yi jinkiri, saka sunan da adireshinta a `/etc/hosts`, ka share adireshin DNS na waje. Sendmail, manhajar aika imel, ta yi ƙaurin suna a kan wannan: idan ta kasa gano cikakken sunan na'urar sai ta rubuta "sleeping for retry" ta kwanta minti guda. MySQL kuma, manhajar rumbun bayanai, tana neman sunan duk kwamfutar da ta jona da ita, sai an saka mata `skip-name-resolve`. Kafin ka saka, tabbatar izinin masu amfani da adireshi aka rubuta shi, ba da sunan kwamfuta ba, in ba haka ba za ka kulle manhajar lissafin a waje.

A nan akwai abin da ya kamata ka tambayi wanda ya raba sabar da intanet: ta wace hanya ya yi? Yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan ka buga waya aka ce maka lambar a kashe take, nan take za ka ajiye. Idan kuwa tana ta ringin ba a ɗauka, sai ka jira har ta katse da kanta. Katangar tsaro tana iya yin kowanne daga cikin biyun. Dokar DROP tana haɗiye saƙon ne ta yi shiru, manhaja ta zauna jiran amsa har wa'adi ya cika. Dokar REJECT tana mayar da amsar ƙi nan take, manhaja ta haƙura ta ci gaba. Ga saƙon da ke shigowa daga waje, shirun yana da amfaninsa. Ga saƙon da sabarku ke ƙoƙarin fitarwa, shirun ba ya ƙara muku tsaro ko kaɗan, lokaci kawai yake ci. Canja wannan doka ɗaya na iya rage jinkiri a wurare goma da ba ka ma gano su ba tukuna. Haka nan idan babu wani netwok da sabar ke buƙatar kaiwa bayan na ofis, cire mata adireshin ƙofar fita, wato gateway, gaba ɗaya, domin na'urar da ta san ba ta da hanyar waje ba ta ɓata lokacin gwadawa.

Sai `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke jera faifan da Linux za ta ɗora idan ta tashi. Duk faifai ko foldar netwok da aka rubuta a ciki, ana jiransa. Tsohon faifan USB da aka cire, ko wurin musanyar RAM, wato swap, da lambar shaidarsa ta UUID ta canja, kowanne sakan 90 ne, wani lokacin ma tashin ya tsaya cak a yanayin gaggawa. Kwatanta abin da ke cikin fayil ɗin da abin da `blkid` ya nuna. Wanda babu shi kuma ba zai dawo ba, goge layinsa. Wanda ake cirewa ana mayarwa, ƙara masa `nofail`. Kafin ka sake kunnawa, gudanar da `findmnt --verify`, saboda harafi ɗaya da ya karkace a wannan fayil ya isa ya hana sabar tashi.

Sauran ƙanana ne, zan wuce su da sauri. Ubuntu Server tana zuwa da cloud-init, wanda aka yi don na'urorin da ke haya a manyan cibiyoyin bayanai. A ofis ba shi da aiki bayan girkawa, kuma ƙirƙirar fayil marar komai mai suna `/etc/cloud/cloud-init.disabled` ya isa ya dakatar da shi. Idan an kunna `systemd-time-wait-sync` ko `chrony-wait`, suna jiran a daidaita agogo da sabar lokaci ta waje, wadda ba za ta taɓa amsawa ba. Idan kuma tsarin tsoho ne, mai kanel da bai kai 5.4 na shekarar 2019 ba, nemi layin "crng init done" a kundin. Idan ya fito bayan minti 2 ko 3, na'urar tana jiran tara isassun lambobin kan-mai-uwa-da-wabi da ake amfani da su wajen ɓoye bayanai, kuma `haveged` ko `rng-tools` na magance shi.

Idan Windows Server ce, tunanin bai canja ba, wurin dubawa ne ya canja. Fara da kunna dokar "Display highly detailed status messages" a Group Policy, wurin saita dokokin Windows, don allon ya riƙa faɗin abin da yake jira a maimakon ɗigon nan masu juyawa. Sannan buɗe Event Viewer, mai nuna kundin abin da ya faru a Windows, sashen System, ka nemo lamba 6005, wadda ke nuna lokacin da kundin ya fara aiki, ka bi layukan da ke bayanta kana duban giɓi. Lambobi 7009, 7011, 7000 da 7022 daga Service Control Manager duk labarin sabis ne da bai amsa a kan lokaci ba, kuma suna faɗin sunansa.

Babban abin da ke addabar Windows marar intanet shi ne binciken takardun shaida. Manhajoji da yawa suna ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi su. Kafin a amince, Windows tana ƙoƙarin sauko da jerin takardun da aka soke, tana kuma tuntuɓar ctldl.windowsupdate.com don sabunta jerin amintattu. Kowane adireshi ana jiransa har sakan 15. Ka ga yadda abin ke haɗuwa: jira biyu sun cinye sakan 30 ɗin da aka ba sabis, sai a ce ya kasa tashi, alhali lafiyarsa ƙalau. Idan manhajar lissafinku ba ta tashi da kanta sai wani ya je ya danna mata Start, nan zan fara dubawa. Kunna kundin CAPI2 a Event Viewer, domin a kashe yake zuwa, ka sake kunna sabar, za ka ga adireshin da ake nema. Gyaran yana cikin Group Policy: a Certificate Path Validation Settings, shafin Network Retrieval, rage wa'adin daga 15 zuwa sakan 1 ko 2, sannan ka kunna "Turn off Automatic Root Certificates Update". Wannan ya dace ne kawai da na'urar da ba za ta koma intanet ba, don haka rubuta abin da ka canja ka ajiye, saboda ranar da aka mayar da ita. Shawarar da ta fi yawo ita ce a ƙara ServicesPipeTimeout, wato wa'adin da ake ba sabis, zuwa 60000, ma'ana sakan 60. Sabis ɗin zai daina faɗuwa, amma jiran yana nan, har ma ka ba shi izinin ya ƙara tsawo.

Idan kuma ita ce mai riƙe da Active Directory, rajistar sunayen ma'aikata da kwamfutocin ofis, kuma tana daɗewa a kan "Applying computer settings", duba DNS ɗin da aka rubuta a katin netwok ɗinta. Kanta ya kamata ta nuna, ba adireshin waje ba. A cikin saitin DNS ɗin ma, share masu tura tambaya waje, wato forwarders. Lamba 4013 a kundin DNS tana nufin ana jiran Active Directory ta gama daidaitawa da takwarorinta. Idan an taɓa samun sabar ta biyu, aka kashe ta aka ajiye ba tare da an cire sunanta daga tsarin ba, to wadda ta rage za ta riƙa nemanta a kowane tashi. Sai an share ragowar bayananta, ta `ntdsutil` ko ta Active Directory Users and Computers.

Wani abu da ba a cikin sabar yake ba: suwic. Mai amfani da tsohon tsarin Spanning Tree, mai hana saƙo zagaye a cikin netwok ba iyaka, yana riƙe kowace kafa sakan 30 kafin ya bar saƙo ya wuce, 15 yana saurare, 15 yana koyo. A kafar da sabar ke jone, kunna abin da Cisco ke kira PortFast, wasu kamfanonin kuma edge port. Idan kuma wuta ɗaya ce ke tayar da komai lokaci guda, sabar na iya riga suwic shiryawa, ta tarar babu netwok.

Game da agogo, tunda babu inda za ta daidaita shi, batirin CR2032 da ke kan babban allonta shi ne kaɗai abin dogaro. Idan ya mutu, kwanan wata zai koma baya duk lokacin da aka zare wuta, takardun shaida su zama kamar lokacinsu bai yi ba, Kerberos kuma, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin sabar da kwamfutocin ma'aikata. Canja batirin, ka mai da sabar ita ce mai ba sauran kwamfutocin ofis lokaci, wani kuma ya riƙa duba agogonta lokaci-lokaci.

To yaushe shugabanku zai zama mai gaskiya? Idan lokutan da ka auna ba zagayayyu ba ne, suna canjawa kullum, kuma fitilar faifai tana ci ba ƙiftawa tsawon tashin. A nan sai ka duba lafiyar faifan da `smartctl -a`, musamman layuka masu lamba 5, 197 da 198, waɗanda ke ƙirga wuraren da suka lalace a faifan. Idan 197 ko 198 ta wuce sifili, ko 5 tana ƙaruwa, kwashe bayananku yau, kada ka jira ƙarshen mako. Idan faifan yana bayan katin RAID, manhajar katin, ko iDRAC ta Dell ko iLO ta HP masu lura da lafiyar sabar, ce za ta gaya maka, har da halin batirin katin, wanda mutuwarsa ke rage saurin rubutu sosai. Duba kuma yadda ake kashe ta. Lamba 6008 ko 41 a Windows na nufin ba a kashe ta yadda ya dace ba, kuma bayan irin wannan kashewar dole faifai ya binciki kansa, RAID ya sake daidaitawa, rumbun bayanai ya gyara abin da aka katse. Maganin wannan UPS ne mai kebul ɗin da ke umartar sabar ta kashe kanta kafin batir ya ƙare. SSD zai rage lokacin karanta fayiloli, amma wa'adin sakan 120 zai ci gaba da zama sakan 120 a kan kowane irin faifai.

Yayin gyaran, canja abu ɗaya, ka sake kunnawa, ka auna, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. Kwafi kowane fayil kafin ka gyara shi, kuma kada ka taɓa saitin netwok daga nesa, ka kasance a gabanta da kibod. Idan ka auna lokutan nan uku, turo min su tare da sakamakon `systemd-analyze critical-chain`, ko lambobin da ka gani a Event Viewer cikin minti 10 na farko, sai in nuna maka layin da za ka fara da shi.